Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Yadda A Ke Gwada Fuskar Na'ura Kafin A Miƙa Ta Ga Jama'a

Daga Wakilinmu a Bauchi

Ƙofar Ran tana ɗaya daga cikin tsofaffin ƙofofin ganuwar birnin Bauchi, kuma a wannan shiyya ce kabarin Firayim Ministan Nijeriya na farko, Alhaji Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya ke. An buɗe ginin da ya kewaye kabarin a 1979, watau shekara 13 bayan rasuwar marigayin a watan Janairu na 1966. Duk wanda ya taɓa ziyartar wurin ya san ba a isa ga kabarin kai tsaye. Sai baƙo ya bi ta wani lungu mai duhu, haske yana ƙaruwa kaɗan-kaɗan, kafin ya ɓulla sarari inda babu rufi. A kan bayyana wa baƙi cewa duhun yana nufin zamanin mulkin mallaka, hasken kuwa samun 'yancin kai. Abin lura a nan shi ne, tun kafin a kwaɓa siminti, wani ya zauna ya tsara inda ƙafar baƙo za ta fara takawa, da abin da idonsa zai fara gani, da inda zai fita.

Irin wannan aiki na tsara wa mutum hanyar da zai bi, a yau ya koma cikin tafin hannun kowa. A bakin titin Ƙofar Ran, kamar sauran unguwannin Bauchi, mai karatu zai tarar da masu na'urar POS a ƙarƙashin lema, da ɗalibai masu neman shiga jami'a suna cike takardunsu ta waya, da dattijo yana ƙoƙarin aika wa iyalinsa kuɗin cefane. Kowannensu yana bin hanyar da wani ya tsara masa a kan gilashin waya: danna nan, rubuta can, jira, tabbatar. Wannan wuri da mutum da na'ura su ke haɗuwa, watau rubutu da hotuna da madannai da a ke gani a kuma taɓa, shi masana su ke kira fuskar na'ura. In an tsara ta da kyau, mutum ya kan gama buƙatarsa bai ma lura da ita ba. In an tsara ta da garaje, kuɗi ya kan tafi inda ba a nufa ba.

Jama'a sun ɗanɗana wannan a farkon 2023. Bayan Babban Bankin Nijeriya ya ba da sanarwar sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000 a watan Oktoba na 2022, tsabar kuɗi ta yi wuyar samu, har ta kai mai sayar da tumatir a kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal, wanda bai taɓa karɓar kuɗi ta waya ba, ya zama dole ya karɓa. A lokacin ne mutane da yawa su ka gane cewa kalma guda a kan waya tana iya raba mutum da dukiyarsa. Wanda bai bambance saƙon da ke cewa kuɗi yana hanya da wanda ke cewa kuɗi bai tafi ba, sai ya sake aikawa, ya biya sau biyu.

To, ta yaya masu ƙera irin waɗannan abubuwa su ke gane inda mutum zai yi tuntuɓe tun kafin ya yi? Amsar ita ce, su kan yi samfuri, su ba mutane su gwada. Shi kuma samfuri hawa-hawa ne, gwargwadon yadda ya ke kama da abin da za a fitar daga ƙarshe. Akwai mai ƙarancin kama, akwai matsakaici, akwai mai cikakkiyar kama. Kowane mataki da irin tambayar da ya ke amsawa, kuma babban kuskuren da a ke yawan yi shi ne tsallake na ƙasa a faɗa wa na sama.

DABARAR BA BAƘUWA BA CE

Haƙiƙa wannan dabara ba baƙuwa ba ce ga masu sana'ar hannu a ƙasar Hausa. Mai aikin babbar riga ba ya soma sa zare sai an zana masa aska biyu ko aska takwas da tawada a jikin yadi, domin gyaran zane ya fi warware ɗinki sauƙi. Magini kuwa ya kan kafa turaku, ya ja igiya, ya zuba toka a ƙasa, sa'an nan ya kira mai gida ya taka ya ga inda zaure zai tsaya da inda ɗakin uwargida zai kasance. A wannan lokaci, in mai gida ya ce a matsar da bango, ƙafa kawai za a sa a share tokar. Bayan an kai gini linta kuwa, maganar ta zama ta guduma da asarar bulo.

Masu ƙera na'urori a ƙasashen waje ma da haka su ka fara. Linzamin kwamfuta na farko, wanda Douglas Engelbart da Bill English su ka yi a Amurka a 1964, ɗan akwati ne na katako mai ƙafafu biyu a ƙarƙashinsa. Haka kuma Jeff Hawkins, wanda ya ƙirƙiro ƙaramar kwamfutar aljihu ta kamfanin Palm da ta fito a 1996, guntun katako ya sassaƙa daidai girman aljihun rigarsa, ya riƙa yawo da shi. Duk sa'ad da ya ke son rubuta alkawari ko lambar wani, sai ya zaro katakon ya yi kamar yana dannawa. Da haka ya tantance abubuwan da mutum zai buƙata kullum da waɗanda ado ne kawai, tun ba a kashe kuɗin ƙera komai ba.

MATAKI NA FARKO: TAKARDA DA FENSIR

Matakin farko ba ya buƙatar wutar lantarki, balle kwamfuta. A kan yanka kwali daidai girman waya, a zana kowane shafi a kan takarda dabam, da hannu, ba launi ba ƙawa. Sa'an nan a zaunar da wanda za a gwada da shi, a ba shi aiki guda, misali a ce masa ya aika wa ƙanensa da ke Azare naira 5,000. In ya sa yatsa a kan wani akwati da a ka zana, sai wani daga cikin masu aikin, wanda ya ke matsayin na'ura, ya janye wannan takarda ya ajiye ta gaba. Mutum na uku yana gefe da littafi, ba ya magana, ba ya nuna hanya, sai dai ya rubuta inda yatsa ya yi jinkiri, da inda a ka koma baya, da inda a ka ɗaga kai a na neman taimako.

Tambayar da wannan mataki ya ke amsawa ita ce ta tushe: shin hanyar da a ka tsara ta dace da yadda mutum ya ke tunani? Da sunan wanda za a aika wa ya kamata a fara, ko da yawan kuɗin? Shafi nawa mutum zai ratsa kafin ya gama? In an ga mutum uku a jere sun ɓata a wuri ɗaya, sai a yage takardar a zana wata nan take, a gwada da na huɗu.

Wani zai ce ai wannan wasan yara ne. Amma a 1996 Robert Virzi da abokan aikinsa a Amurka sun kwatanta gwaji da samfuri mai ƙarancin kama da gwaji da na'urar da ke aiki sosai, su ka tarar matsalolin da a ka gano ta hanyoyin biyu kusan iri ɗaya ne. Jakob Nielsen kuma, wanda ya yi suna a wannan fanni, ya bayyana a shekarar 2000 cewa gwaji da mutum biyar ya kan tono kimanin kashi 85 cikin 100 na matsalolin da ke cikin tsari, muddin mutanen irin waɗanda za su yi amfani da abin ne. Shawararsa ita ce a yi ƙananan gwaje-gwaje da yawa, a na gyara a tsakani, maimakon babba guda ɗaya.

Akwai kuma wani amfani na takarda wanda ya fi ƙarfi a wurinmu, saboda halinmu na kara da kunya. In saurayi ya miƙa wa dattijo waya mai ɗauke da shafi mai sheƙi, an ƙawata shi da launi da tambari, dattijon zai ga an sha wahala a kai, ba zai so ya karya wa yaro gwiwa ba. Sai ya ce madalla, Allah ya yi albarka, ko da kuwa bai gane komai ba. In ya ɓata, kansa zai zarga, ya ce tsufa ne ko rashin boko. Amma in zanen fensir ne a kan kwali, ya san abin bai ƙaru ba tukuna, bakinsa zai buɗe, har ya karɓi fensirin ya nuna inda ya ga ya fi dacewa. Munin samfuri shi ne ya ke ba mutum izinin faɗar gaskiya.

MATAKI NA BIYU: ƘWARANGWAL

Idan hanya ta miƙe a takarda, sai a koma kwamfuta a zana abin da a ke kira ƙwarangwal, watau shafuffuka masu akwatuna baƙi da fari da ruwan toka, kowane abu a mazauninsa da girmansa, amma har yanzu babu ado. Wata manhaja mai suna Balsamiq, wadda ta fito a 2008, da gangan ta ke fitar da zane kamar na hannu, domin kada mai dubawa ya shagala da launi ya manta da tsari.

A nan ne ya kamata a sa ainihin kalmomin da mutum zai karanta, kuma a nan ne aikin mai tsara wa Bahaushe ya ke bambanta da na takwaransa na Ingila. Abin da Turanci ya faɗa da gajeruwar kalma guda, Hausa ta kan buƙaci biyu ko uku, sai rubutu ya tsallake akwatin da a ka tanada masa. Haruffan nan masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, ba kowane salon rubutu ne ya ke da su ba, sai su fito da wata siffa dabam ko su zama akwatuna marasa ma'ana. Bugu da ƙari, akwai zaɓen kalma. Wadda malamin jami'a ya fassara daidai ba lalle ba ne ita ce ɗan kasuwa ya ke amfani da ita, kuma a Jihar Bauchi akwai Fulani da Jarawa da Sayawa da Gerawa da sauransu, waɗanda a ke so kowannensu ya gane saƙo ba tare da tafinta ba.

Ya kamata mai karatu ya lura cewa kama ba fuska ɗaya gare ta ba. Samfuri yana iya yin kama da na ainihi ta wajen kalmomi, ya yi nisa da shi ta wajen ado, ko ta wajen saurin amsawa. Ɗauki misalin lambobin nan na bankuna da a ke farawa da alamar tauraro, waɗanda su ke aiki ko a ƙaramar waya mai madannai. Babu hoto a cikinsu, babu launi, kuma saƙo guda ba ya wuce haruffa 182. Saboda haka kati mai ɗauke da ainihin kalmomin ya riga ya yi kusa da gaskiya ƙwarai. Abin da katin ba zai nuna ba shi ne lokaci, domin layin ya kan katse in mutum ya daɗe bai amsa ba, alhali mai karatu a hankali yana tsakiyar haɗa baƙi. Mai gwaji mai hankali sai ya riƙe agogo a hannu.

Akwai ma dabarar da a ke gwada abin da ba a ƙera ba sam. A farkon shekarun 1980, John Gould da abokansa a kamfanin IBM sun so su san ko mutane za su so na'urar da za a yi wa magana ta rubuta. Irin wannan na'ura ba ta kai ga yin aiki sosai ba a lokacin, sai su ka ɓoye mai buga tafireta a wani ɗaki yana saurare, abin da ya buga yana fitowa a gaban mai magana. Duk mai niyyar yin manhajar da za ta saurari Hausa ta amsa, domin amfanin waɗanda ba su karatun boko, yana iya fara wannan gwaji da waya biyu da aboki guda.

MATAKI NA UKU: CIKAKKIYAR KAMA

Mataki na uku shi ne samfurin da ido ba zai bambanta shi da na ainihi ba. An sa launi da tambari da hotuna, in an taɓa wuri sai shafi ya juya. Manhajar Figma, wadda a ka buɗe wa jama'a a 2016, ita ce matasa da yawa su ke koyo domin wannan aiki, har a tsakanin ɗaliban Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da na kwalejojin fasaha na garin Bauchi.

Wannan mataki yana da nasa tambayoyin da takarda ba ta iya amsawa. Shin rubutun yana karantuwa a tsakar rana, a kan ƙaramar Tecno ko itel mai tsagaggen gilashi? Shin madannin ya ishi babban yatsan manomi, ko kuwa sai ya haɗa biyu? Shin madannin tabbatarwa da na fasawa sun yi kusa da juna har a riƙa musanya su? Waɗannan ba a sanin su a ofis mai sanyi, a gaban babbar kwamfuta. Sai an fito da waya bakin titi.

Amma haɗarinsa ma babba ne. Na farko, wanda ya kwashe makonni yana ƙawata abu ba ya son a ce ya rushe, sai ya koma kare aikinsa maimakon sauraro. Na biyu, masu dubawa su kan ɓata lokaci a kan kore ya fi ko shuɗi, alhali hanyar ce gaba ɗaya a karkace. Na uku, kuma shi ya fi muni, in an nuna wa shugaban ma'aikata ko mai zuba jari samfuri mai sheƙi, sai ya ɗauka aiki ya ƙare, ya sa ranar buki, alhali a bayan wannan fuska babu komai tukuna, kamar gidan da a ka yi wa fenti a gaba ba a haƙa masa tushe ba.

ABIN DA YA FARU A ZAHIRI

Hukumar shirya jarrabawar shiga jami'o'i, watau JAMB, ta soma jarrabawa ta kwamfuta a 2013, ta mayar da ita dole ga kowa a 2015. Sai ta bayyana cewa ɗalibai da yawa, musamman na karkara, sun san amsa amma hannunsu bai saba da linzamin kwamfuta ba. A 2017, a ƙarƙashin Farfesa Ishaq Oloyede, hukumar ta fito da tsarin madannai takwas: A da B da C da D domin zaɓen amsa, sauran huɗun kuma domin ci gaba, da komawa baya, da miƙa aiki, da janye miƙawa. A shekarar ce kuma ta soma jarrabawar gwaji kafin ta ainihi. Gyaran bai buƙaci sabuwar na'ura ba. Abin da ya buƙata shi ne a dubi hannun ɗalibi.

A ƙasar Amurka, a zaɓen shugaban ƙasa na 2000, an tsara takardar ƙuri'a ta gundumar Palm Beach a Jihar Florida da sunaye a shafi biyu masu fuskantar juna, ramukan hudawa a tsakiya. Niyyar mai kyau ce, domin a ƙara girman rubutu saboda tsofaffi. Amma binciken masana daga baya ya nuna fiye da mutum 2,000 da su ka nufi Al Gore sun huda wa Pat Buchanan bisa kuskure, alhali ƙuri'a 537 ce ta raba George Bush da Gore a jihar baki ɗaya. Takarda ce kawai, irin wadda a ke iya gwadawa da tsofaffi kaɗan a yini guda.

Ko samfuri mafi kama yana da iyaka. Ranar 4 ga Fabrairu, 2023, hukumar zaɓe ta INEC ta yi gwajin tantance masu zaɓe da na'urar BVAS a rumfuna 436 a faɗin ƙasar nan. Amma ranar 25 ga wata, da rumfuna fiye da 176,000 su ka yi aiki a lokaci guda, sakamakon zaɓen shugaban ƙasa ya yi jinkirin hawa shafin hukumar, ita kuma ta danganta haka da tangarɗar faɗaɗa tsarin daga zaɓen jiha zuwa na ƙasa baki ɗaya. Shi ya sa bayan matakan nan uku a ke buƙatar na huɗu, watau a saki abin na gaske ga mutane kaɗan, da kuɗi na gaske da sabis na gaske, sa'an nan a riƙa faɗaɗawa. A Kenya, da a ka yi irin wannan gwaji na M-Pesa a 2005, an shirya shi ne domin biyan ƙananan basussuka, sai a ka ga mutane suna aika wa junansu kuɗi da shi. A kan wannan buƙata a ka ƙaddamar da shi a 2007.

KIRA GA MATASA DA HUKUMOMI

Ga matasanmu masu koyon wannan sana'a, kafin a buɗe kwamfuta ya kamata a tambayi kai: me na ke so in sani yau? In hanya ce, takarda ta isa. In kalmomi ne da mazaunin abubuwa, ƙwarangwal ya isa. In ido ne da yatsa da hasken rana, to a nan ne cikakkiyar kama ta ke da amfani. Kuma kada a gwada da abokan karatu kaɗai, domin su sun riga sun san hanya. A nemi mai POS wanda ya ke hulɗa da mutane da yawa kullum, da direban keke Napep, da tsoho mai raunin gani, da matar aure mai sana'a a cikin gida, wadda sai an tura mace 'yar'uwarta za a ji ta bakinta. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo.

Ga hukumomi da bankuna da ma'aikatun gwamnati masu ba da kwangilar irin waɗannan ayyuka kuwa, ya dace su daina gamsuwa da hotuna masu sheƙi a ɗakin taro. Kafin a biya kashi na biyu na kuɗin kwangila, a tambayi ɗan kwangila mutum nawa ya gwada da su, a wace unguwa, da wane harshe, kuma me ya gyara bayan ya ga inda su ka ɓata. Wanda ya kawo tarin takardun da ya zana ya yage, ya fi cancantar amana bisa ga wanda ya kawo hoto guda mai kyau. Kuɗin kwali da fensir da ladan mutum biyar bai kai na man motar ranar bukin ƙaddamarwa ba, kuma talakan da zai danna madannin gobe da guminsa zai danna shi.